Karnukan Da Ke Jan Baƙi a Ƙuryar Arewacin Duniya: Al'ada Ce, Kasuwanci Ne, Ko Zalunci?

Duk shekara da zarar hunturu ya kankama a Turai, sai bidiyoyin su fara yawo a Facebook da TikTok: karnuka takwas ko goma a jere, harsuna a waje, suna jan wani keke marar taya a kan dusar ƙanƙara, Bature na tsaye a baya yana washe baki. A ƙarƙashin bidiyon kuwa sai gardama. Wasu su ce azabtarwa ce tsagwaronta, kuma daga mutanen da suka fi kowa kurarin kare haƙƙin dabbobi. Wasu su ce ai al'adar mutanen can ce tun kaka da kakanni. Wasu kuma mamakinsu ɗaya ne: a ce mutum da hankalinsa ya biya kuɗin jirgi da na masauki, don kawai kare ya ja shi cikin sanyin da ke daskarar da gashin ido?

Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna inda gizo ke saƙa. Mece ce ainihin wannan harka, wa ke cin moriyarta, kuma a wane lokaci ne karen ke shan wuya?

Abin da kamfanonin ke sayarwa

Yankin Aktik shi ne saman duniya ta arewa, daga wajen digiri 66 da rabi zuwa sama. Can ƙuryarsa akwai tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda garin Longyearbyen yake a digiri 78, da mutane kusan 2,500. Akwai arewaci da gabashin Girinlan, babban tsibirin da ke ƙarƙashin ƙasar Denmak, da arewacin Kanada. A ɗan ƙasa da su kuma akwai Alaska da yankin Laplan na Finlan da Suwidin da Norwe, inda harkar ta fi yawan baƙi.

A Longyearbyen rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu, kuma daga wajen 20 ga Afrilu ba ta faɗuwa sai ƙarshen Agusta. Kasuwar ta fi ci a watannin Maris da Afrilu, lokacin da haske ya dawo amma ƙanƙara ba ta fara saki ba. Masu zuwa cikin duhu kuwa, da fitila a goshi suke tafiya, suna fatan ganin koren hasken nan da ke rawa a sararin samaniyar yankin.

Garken karnukan yawanci a bayan gari yake, saboda haushi. Kowane kare da ɗan akurkinsa na katako a ɗage daga ƙasa, sunansa a rubuce a jiki. Za a ba baƙo rigar sanyi mai haɗe da wando, da manyan takalma da safar hannu, sannan ɗan jagora ya nuna masa yadda ake zura wa kare ɗamarar ja: ta kai tukuna, sai a ɗaga ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya. A lokacin garken ya rikice. Waɗanda aka zaɓa na tsalle suna fizgar igiya, waɗanda aka bari na kuka kamar an yi musu rashi, mutum ba ya ko jin maganar na kusa da shi. Da an cire ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe keken a ƙasa, sai haushin ya ɗauke gaba ɗaya, kowa ya duƙufa ja.

Babu linzami. Da murya ake sarrafa ayarin, kuma karnuka biyun da ke gaba su ne masu jin umarnin dama da hagu. Na kusa da keken su ne ƙarfafa, su ke ɗaukar nauyin farko. A Svalbard da Laplan akan haɗa baƙi biyu da karnuka biyar ko shida, ɗaya na zaune ɗaya na tsaye a baya yana taka birki, su riƙa canji. Dokar farko da ake nanata wa kowa ita ce kada ka saki keken ko da ka faɗi, domin karnukan ba za su waiwayo ba. Idan an zo hawa, direba zai sauka ya tura. Gudun bai fi kilomita 10 zuwa 15 a awa ba.

Fitar rabin yini kan ci tsakanin dala 150 zuwa 300 ga mutum ɗaya. Tafiyar kwanaki, wadda ake kwana a tanti ko bukkar katako, baƙo na sarar daskararren nama yana ciyar da karnukansa da kansa, ta dubban daloli ce, ban da kuɗin jirgi.

Keke iri ɗaya, tarihi daban-daban

Masu cewa al'ada ce sun yi gaskiya a wani wuri, sun kuskure a wani.

A Girinlan gaskiya ce. Masu tonon tarihi sun gano ragowar kekuna da ƙasusuwan karnuka masu shekara kusan 9,500 a tsibirin Zhokhov na Saberiya, kuma kakannin Inuit na yau, wato 'yan asalin yankin, sun iso Girinlan da karnukansu kimanin shekara 800 da suka wuce. Da kare ake farautar dabbobin teku a kan ƙanƙara, da shi ake ɗauko kifi, da shi ake zumunci. Har yau doka ta shata iyaka: daga garin Sisimiut zuwa arewa, da kuma gabar gabas, ba a shigar da wani jinsin kare, kuma karen da ya fita daga yankin ba ya komawa, don kada jini ya gauraya ko cuta ta shigo. A yammacin ƙasar ba a jera karnuka bibbiyu. Kowanne da doguwar igiyarsa, su bazu kamar yatsun hannu, ta yadda idan ƙanƙara ta ɓurma da ɗaya ba zai janyo sauran ba. Maharbi na riƙe da doguwar bulala da yake kaɗawa a gefen ayari don ya juya su. Baƙo a nan fasinja ne, ya zauna a kan fata ya kama bakinsa. Waɗannan karnukan ba na shafawa ba ne, kuma gargaɗin farko da ake yi wa mai ziyara shi ne kada ya matsa kusa da babban kare da ke ɗaure.

Svalbard kuwa ba ta taɓa samun 'yan asali ba. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan, Willem Barentsz, ya gano ta a 1596, sai masu farautar manyan kifaye suka biyo, sai masu ɗana tarko, sai masu haƙar kwal. Sunan Longyearbyen ma daga wani attajirin Amurka aka samo shi, John Longyear, wanda ya buɗe mahaƙa a wurin a 1906. Mahaƙar kwal ta ƙarshe ta Norwe a tsibirin ta rufe a 2025, kuma yawon buɗe ido da binciken kimiyya ne suka gaje ta. Yawancin karnukan da ke can irin da ake kira haski na Alaska ne, ruwa-biyu da aka yi ta haɗawa saboda gudu da juriya da sanyin hali ga baƙi. Sana'a ce ta zamani, ba laifi ba ne, amma ba gadon kowa ba ce.

A Laplan abin ya fi ɗaure kai. 'Yan asalin yankin, Sami, makiyayan wata irin barewa ce mai manyan ƙahoni, kuma ita ce ke jan kekensu tun fil azal. Keken karnuka baƙo ne da kasuwar yawon buɗe ido ta shigo da shi a 'yan shekarun baya. A 2018 majalisar Sami ta Finlan ta fitar da ƙa'idojin yawon buɗe ido, inda ta ambaci wannan harka a cikin al'adun aro da ake jingina wa yankin, makiyaya kuma sun daɗe suna kukan cewa karnukan na firgita musu garke. Ke nan baƙon da ya biya kuɗi a can don ya ɗanɗana al'adar 'yan ƙasa, wataƙila ya sayi abin da 'yan ƙasar ke kuka da shi.

Shin zalunci ne?

A nan ya kamata a natsu, domin yawancin masu gardamar sun sa ido a kan jan keken, alhali shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi.

Karen da aka yi dubban shekaru ana zaɓensa don ja, ja yake so. Ba a iya tilasta wa kare ya ja keke da igiyar da ke bayansa. Idan ya ƙi sai ya kwanta, shi ke nan. Sanyin da ke ba mu tsoro shi ne daidai jikinsa. Gashinsa hawa biyu ne, yakan dunƙule ya rufe hanci da jela ya yi barci a kan ƙanƙara, kuma ya fi sakewa a digiri 15 ko 20 ƙasa da sifiri. Abin da ke galabaitar da shi zafi ne, shi ya sa masu fitar da karnuka da keke mai taya a bazara kan soke tafiya idan rana ta ɗan buɗe. Ƙafafu ne wurin rauni, kuma ɗan jagoran kirki kan duba tafin kowane kare ya sa masa 'yar safa idan ƙanƙarar ta yi kaifi.

Ya kuma kamata a raba yawon baƙi da gasar tsere. Gasar Iditarod ta Alaska, wadda aka fara a 1973, kimanin kilomita 1,600 ce, kuma karen da bai fi kilo 25 ba kan ƙona kalori 10,000 a rana a cikinta, ninki huɗu na abin da magidanci ke buƙata. Karnuka na mutuwa a wannan gasa. Uku sun mutu a ta 2024 kaɗai, kuma ƙungiyoyin kare dabbobi irin su PETA na neman a soke ta. Karen da ya kai baƙi kilomita 15 ya dawo gida bai shiga wannan sahu ba.

Matsalar tana cikin lissafi. Duk wanda ya san gidan mai dawakan hawan salla ya san zancen: kwalliyar ta 'yan kwanaki ce, amma harawa da dusa da kanwa na kowace safiya ne har shekara ta zagayo. Haka garken karnuka yake. Baƙi na zuwa wata huɗu ko biyar, kare kuwa na cin nama da kitse wata goma sha biyu. Yana fara aiki da shekara ɗaya da 'yan kai, ƙarfinsa ya fara raguwa a shekara takwas zuwa goma, amma yana iya kai sha uku ko fiye. To wa zai ciyar da shi a shekarun da ba ya kawo ko sisi? Kwikwiyon da aka haifa bai yi gudu ba fa? Kuma idan kasuwa ta faɗi dare ɗaya?

An ga amsar mafi muni a Whistler ta Kanada. Bayan gasar Olamfik ta hunturu ta 2010, baƙin da aka sa rai ba su ci gaba da zuwa ba, sai wani ma'aikacin kamfanin yawon karnuka ya kashe gommai daga cikinsu ya binne a rami ɗaya. Da asiri ya tonu a farkon 2011 an haƙo gawarwaki fiye da 50. Kotu ba ta ɗaure shi ba, amma lardin Birtish Kolombiya, inda garin yake, ya kafa ƙa'idojin kula da karnukan ja a 2012. Lokacin annobar korona ma, da iyakoki suka rufe a 2020, garkuna da yawa a Laplan sun koma neman taimakon jama'a don sayen abinci, wasu suka yi ta rabar da karnuka.

Sai batun sarƙa. A garkuna da dama kare na ɗaure a turkensa duk lokacin da ba ya aiki. Masu garken na cewa hakan na hana faɗa da haihuwar barkatai, kuma ana sanin abin da kowanne ya ci. Masu suka na cewa dabbar da aka halitta don gudu ba ta dace da da'irar mita biyu ba, musamman a dogon bazara. A ganina masu sukar sun fi hujja a duk garken da ba a sakin karnuka su motsa a watannin da babu baƙi. Kamfanoni da dama sun koma gina shinge, suna nema wa tsofaffin karnuka gidajen riƙo, suna kuma bayyana adadin 'yan kwikwiyon da suke haifa. Wasu kuwa ba sa son a yi tambayar ma.

Kada kuma a ɗauka da can an fi tausayi. Roald Amundsen na Norwe, wanda ya fara isa tsakiyar kudancin duniya a ranar 14 ga Disamba 1911, da karnuka 52 ya tashi, da 11 ya dawo. Yawancin sauran tun a gida ya tsara za a yanka su a hanya, su zama guzuri ga mutane da 'yan'uwansu.

Ƙanƙarar na janyewa

A watan Yunin 2019 wani masanin hukumar yanayi ta Denmak, Steffen Olsen, ya ɗauki hoton da ya zagaye duniya a kusa da garin Qaanaaq na arewacin Girinlan: karnuka na jan keke, ruwa ya kai musu ƙafafu, kamar suna tafiya a kan teku. Ƙanƙarar na nan a ƙasa, samanta ne ya narke farat ɗaya. Wani bincike da masanan Finlan suka wallafa a 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. A Yulin 2020 Longyearbyen ta ga digiri 21.7, zafin da ba a taɓa aunawa a can ba.

Ga maharbin Girinlan ma'anar wannan a bayyane take. Teku na makarar daskarewa, tana saurin narkewa, kuma a tsakani ba a amince mata. Kwanakin aikin kare sun ragu, kwanakin ciyar da shi ba su ragu ba. Ga babur ɗin ƙanƙara da kwalekwale mai inji da ba sa neman abinci idan an ajiye su. Karnukan ƙasar, da suka kai kimanin 30,000 a shekarun 1990, yanzu ba su kai 15,000 ba.

A wannan gaɓa ce kuɗin baƙi ya shigo, kuma shi ya sa hukuncin "a haramta kawai" bai wadatar ba. A garuruwan Ilulissat da Sisimiut da Tasiilaq na Girinlan akwai masu karnukan da kuɗin ɗaukar baƙi ne ke cike musu giɓin abincin garke. Idan aka cire shi, ba sakin karnukan za a yi su yi yawo ba, rage su za a yi. Sai dai jiragen da ke kawo baƙin daga Landan da Beijin da Niyok na cikin masu fitar da hayaƙin da ke narkar da ƙanƙarar da aka zo hawa.

Yadda siyasa ta shiga garke

A farkon 2025, da Donald Trump ya sake tayar da maganar mallakar Girinlan, ya yi wa Denmak shaguɓe cewa tsaron da ta ƙara wa tsibirin kekunan karnuka biyu ne. Rundunar da yake nufi tana nan, sunanta Sirius, an kafa ta a 1950. Sojoji bibbiyu ne ke fita da ayarin karnuka na tsawon watanni suna sintiri a gandun arewa maso gabashin Girinlan, wanda ya ɗara Najeriya faɗi, inda babu hanya babu gidan mai. A watan Maris na shekarar aka sanar cewa matar mataimakin shugaban Amurka, Usha Vance, za ta halarci gasar karnuka ta ƙasa a Sisimiut. Shugabannin Girinlan suka nuna ɓacin rai, aka sauya shiri, ita da mijinta suka tsaya a sansanin sojan Amurka na Pituffik.

Wanda ya san tarihi ba zai yi mamakin zafin maganar ba. A shekarun 1950 da 1960 'yan sanda da jami'an hukuma sun harbe karnukan Inuit fiye da 1,000 a Nunavik ta arewacin Kanada, da sunan kiyaye lafiyar jama'a. Mutumin da aka kashe wa karnuka ba shi da hanyar farauta, dole ya zauna a gari ya jira tallafi. Sai a Nuwamban 2024 gwamnatin Kanada ta nemi gafara, ta ware dalar Kanada miliyan 45.

Aljihun wa kuɗin ke shiga?

Kaso mai tsoka kan tsaya a hannun kamfanonin jiragen sama da otel-otel da dillalan da ke haɗa tafiyar daga ƙasashen waje. A Laplan da Svalbard, masu kwashe kashin karnuka da asuba galibi matasan Turai ne masu aikin kaka ɗaya, wasunsu a kan ɗan albashi ko abinci da wurin kwana. A Girinlan mai karnukan kan karɓi kuɗin fita ɗaya-ɗaya.

Babban filin jirgin sama na Nuuk, babban birnin Girinlan, ya buɗe a Nuwamban 2024, jirage suka fara zuwa kai tsaye daga Amurka a 2025, kuma an tsara faɗaɗa filin jirgin Ilulissat shi ma. Baƙi za su ƙaru. Abin da za a sa wa ido shi ne ko maharban za su riƙe harkar a hannunsu, ko kuwa masu jari za su kafa manyan garkuna su mayar da su 'yan ƙwadago, a riƙa zaɓen kare saboda haƙurinsa da kyamara maimakon iya karanta ƙanƙara.

Ga wanda ya ɗaura niyya

Tambayoyin da ke tona asirin kamfani ba su da yawa: ina tsofaffin karnukanku suke, me karnukan ke yi a bazara, kuma yaushe likitan dabbobi ya zo ƙarshe? Mai gaskiya zai kai ka ka gani.

A Svalbard ɗan jagora ba ado ba ne. Duk mai fita bayan gari dole ya kasance da abin korar farin beyar, ƙaton naman dajin nan mai cin nama, shi ya sa jagora ke rataye da bindiga da harsashin tartsatsi. An haramta farautar beyar a can tun 1973, kuma daga 2025 doka ta ce a ba shi tazarar mita 300, ko 500 daga Maris zuwa ƙarshen Yuni. A Agustan 2020 wani beyar ya kashe mutum a cikin tanti a gefen Longyearbyen.

Musulmi zai yi tambaya biyu. Karnukan nan za su yi tsalle su lashe ka, babu makawa. A mazhabar Malikiyya kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, Shafi'iyya kuwa sun tsananta, kuma dai rigar kamfani ce a sama, ana cire ta. Lokutan salla da azumi kuma, Musulmin birnin Tromsø na arewacin Norwe kan bi jadawalin Makka a watannin da rana ta ƙi fitowa ko ta ƙi faɗuwa.

Sai zancen da ke ruɗar matasa a intanet, wai Svalbard ba ta buƙatar biza. Haka ne, dokokin Norwe kan tsibirin, waɗanda suka samo tushe daga yarjejeniyar 1920, ba su ɗora wa kowa biza ko takardar zama ba. Amma jiragen fasinja daga Oslo da Tromsø suke tashi, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai ya samu bizar Shengen mai shiga biyu, ta tafiya da ta dawowa. Babu tallafin gwamnati ga baƙo a can, gidajen haya sun yi ƙaranci kuma yawancinsu na hannun masu ɗaukar ma'aikata, sannan gwamnan tsibirin na da ikon mayar da duk wanda ba shi da abin riƙe kansa.